Igiyar Mai Layi

A cikin bas na fara jin sunan Mai Layi, wata ranar Litinin ina dawowa daga makaranta, shekarar da zan gama sakandare. Direba ya ƙure rediyo amma ba mai saurare, kowa a motar ya buɗe tasa tashar. Wani dattijo a gefena yana ta dukan gwiwarsa da naɗaɗɗiyar jarida yana cewa Mai Layi ya kashe gari da ransa. Kwandasta ya rantse da zai gan shi yana tsallaka titi ba zai taka burki ba, direba ya tuna masa ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Wata mata mai kwandon cefane ta tambaya ko ɗan wasa ne, aka ce mata ina, da ɗan wasa ne ai da da sauƙi, mai zuba farar ƙasa ne a fili, wanda ko takalmin kirki ba shi da shi. Wasu suka ce sayen sa aka yi, wasu suka ce ruɗin tsufa ne. Ni ban san komai a ƙwallo ba, amma kafin mu kai tasharmu na tsani mutumin kamar kowa. Har da zan sauka na ce wa matar Allah ya raba mu da maciya amana, ta ce amin 'yata.

Na samu Mama a tsakar gida tana ninke wanki. Na shiga ba ta labari ina dariya, ina kwaikwayon muryar kwandasta. Ban lura ta daina ninkin ba sai da rigar Baba ta zame daga hannunta ta faɗi ƙasa.

"Wa kika ce?"

"Wai Mai Layi."

"Kawunki ne," in ji ta.

Shekarata goma sha takwas a duniya ban san Kawu yana da wani suna ba. A gidanmu Kawu ne, a bakin Mama kuma Yaya. Ciki ɗaya suka fito, shi ne fari ita ce auta, shekara goma sha huɗu tsakaninsu, kuma shi ya yi ta goyonta lokacin da kakarmu ta yi doguwar jinya. Na san a filin wasa yake aiki, amma a zatona gadi yake yi. Gajere ne, marar jiki, marar yawan magana. Idan ya zo mana, sau ɗaya a wata ko ma bai kai ba, silifas ɗinsa kan bar farin sawu tun daga ƙofa har inda zai zauna. Mama ta bi da tsintsiya tana mita, shi kuma ya ce ta bari mana, ai sa hannunsa ne. Ni Akawu yake ce mini, saboda littafin da nake rubuta ranakun haihuwa da na rasuwar dangi. Matarsa ta rasu tun ina firamare, Allah bai ba su haihuwa ba, daga nan ya tattara ya koma wani ɗaki a ƙarƙashin benen 'yan kallo, jikin sito. Taga ɗaya ce da ɗakin, fili take kallo.

Sauran labarin daga baya na tattara shi, wani daga bakinsa, wani daga Baba, wani daga mutanen filin.

Shekara talatin da ɗaya yana zana layukan filin ƙungiyar garinmu. Ya gaji aikin daga wani tsohon soja da ake kira Kofur, kuma abu uku Kofur ya bar masa: bokiti, gwangwani mai huji a gindi, da igiya. Igiyar ita ce komai. Kaurinta ya kai babban yatsa, an ɗaura mata zoben ƙarfe a kai, sai ƙulli huɗu a jikinta, kowanne da launin tsummansa: na yadi shida, na goma, na sha biyu, na sha takwas. Zai kafa ƙusa a kan layin raga, ya zura zoben, ya ja igiyar har ta yi ƙara, inda ƙulli ya faɗi nan ne wurin. Ƙullin sha biyu, mai jan tsumma, shi ke nuna ɗigon da ake ajiye ƙwallo a buga fanareti. Sau biyu ƙungiya tana saya masa tef na awo. Na farko ya ba wani tela, na biyu ya yi tsatsa a jikin ƙusa. Cewa yake tef yaro ne, ranar da aka ƙera shi igiyarsa ta riga ta ga wasa ɗari biyar. Kuma gaskiya, duk sa'ad da wani mai bin diddigi ya zo ya gwada, sai a tarar igiya da tef bakinsu ɗaya. Da haka aka daina gwadawa.

A waccan shekarar ce ƙungiyar ta hau babbar gasa ta ƙasa, karo na farko tun kafuwarta. Hukumar gasa ta ce ba a yi mata wasa a kan tsohon fili mai ramuka, sai an sake shi. Aka kawo katafila ta kwashe ƙasar gaba ɗaya, har da tsoffin turakun da Kofur ya binne a ƙarƙashin kowane ɗigo, aka zuba sabuwa aka shuka ciyawa. Dole Kawu ya auna komai daga farko. Kwana biyu ya yi shi da igiyarsa. Sannan masu duba fili suka zo su uku, tef ɗinsu a cikin leda ko yage ta ba a yi ba. Sakataren ƙungiya ya zaunar da su a inuwa aka kawo lemo mai sanyi. Babbansu ya tambaya wa ya yi awon, aka ce Mai Layi, ya ce to me ya kawo mu, a miƙo takardar.

Ba wanda ya sa mana ran komai a kakar wasan nan. Masu sharhi a rediyo sun ce baƙi ne mu, ruwa za mu sha mu koma inda muka fito. Sai ga wasan gida na farko mun ci, na biyu mun ci, aka yi ta tafiya har aka daina mamaki. Babana makanike ne, kuma tun yana saurayi ƙungiyar nan ce ciwonsa. Ya fente ƙofar gareji da launinta. Duk Lahadin da aka yi wasa a gida ba murya yake dawowa, sai dai ya ɗaga wa Mama yatsu ta gane nawa aka ci. Idan wasan waje ne, ya rataye rediyonsa a ƙusar bangon kicin ya tsaya a gabanta kamar mai jiran hukunci, ko kaza ba ta isa ta gifta ba. Akwai ɗan wasanmu da ake kira Bahago, shi ke buga fanareti. Goma ya samu a gida, goma ya zura. A waje kuwa biyar ya samu ya ɓarar da uku, aka ce iskar gida daban ce.

Saura wasa biyar a gama, wata ƙungiya daga can ƙasan teburin gasa ta zo mana, tana ta fafutikar kada ta faɗo daga gasar. Golansu wani dogon mutum ne, Dogo ma ake ce masa, kuma yana da wata ɗabi'a: duk filin da ya je, kafin a fara sai ya taka daga layin raga zuwa ɗigon fanareti, diddige na bin yatsa, yana ƙirgawa. Ranar ya taka ya dawo, ya sake takawa. Sai ya nufi Kawu da ke tsugune a bayan raga da bokitinsa, ya gaishe shi da ladabi.

"Baba, ɗigon nan naka ya matso ni."

"Ƙafarka ce ta ƙara tsawo, ɗana," in ji Kawu. "Ka rage cin abinci."

Dogo ya yi dariya ya koma ragarsa. Ci ɗaya aka yi a wasan, da fanareti, Bahago ya buga, yatsun Dogo suka shafi ƙwallon ta wuce. Fanaretinsa na sha ɗaya a gida kenan. Dogo bai kai ƙara wurin kowa ba. Da za su hau mota ma sai da ya zo ya yi wa Kawu sallama. Muka zauna a saman teburi da ratar maki biyu, saura wasa huɗu, gari ya fara ɗinkin tutoci.

Kawu ya ce mini da Dogo ya yi masa rashin kunya da ya manta da maganar kafin ya wanke bokiti. Ladabin ne ya tsaya masa a wuya. Washegari da safe ya je wurin maginan da ke gyaran banɗakin filin ya ari tef, abin da bai taɓa yi ba, har suna tsokanarsa wai yau tsoho zai shiga makaranta. Ya kafa ƙusa, ya ja. Ɗigon ya gaza da ƙafa ɗaya da rabi. Ya ce tef ɗin magina ne, ƙila sun taka shi, ya je sito ya sauko da nasa mai tsatsa. Ƙafa ɗaya da rabi. Ya tafi ɗaya ragar, haka. Layin yadi shida, na sha takwas, da'irar tsakiya, kowanne ya gaza daidai wannan. Shi ya sa ido bai taɓa kamawa ba, komai tare ya tsuke. Maginan sun ce sun hango shi zaune a tsakiyar ciyawa, igiya a cinya, yana jujjuya zoben a hannu, har rana ta take.

Daga nan ofishin sakatare ya wuce. Sakatare ya saurara, ya tashi ya rufe ƙofa, ya ƙara wa fanka ƙarfi. Ya ce abu mai sauƙi ne: a kankare tsohon layi, a zana sabo, a ba ciyawa ruwa, kafin Lahadi ta rufe. Baƙi ma ai a kan ɗigon suke bugawa in sun samu, ba laifinmu ba ne da ba su cika samu ba.

"Wa ya sani? Daga ni sai kai sai Allah."

"Na ukun nan da ka ambata," in ji Kawu, "shi ne bai bar ni na karya kumallo ba."

Sakatare ya ce ya je ya yi aikinsa ya bar wa masu ofis tunani. Kawu ya je ya kankare, ya zana sabo da tef, ya ba ciyawa ruwa. Lahadin da ta biyo ma a gida za a yi wasa. Da wakilin hukumar gasa ya fito zagayen fili kafin a fara, Kawu ya riƙo hannun rigarsa ya kai shi gaban raga. Ya nuna masa sabon ɗigo, ya buɗa ciyawa da yatsa ya nuna masa inuwar tsohon, ya faɗa masa tun ranar farko ta kaka a kan wancan ake bugawa. An ce wakilin ya waiga hagu da dama, ya ce masa a hankali, Baba hayaniya ta yi yawa ban ji ba, in kana so in ji sai ka maimaita. Kawu ya maimaita, da ƙarfi. A wasan ranar Bahago ya samu fanareti ya buga wa gola a hannu, aka tashi ba ci, masu bin mu suka kamo mu a maki. Da safe labari ya fita. Ranar ce na hau waccan bas.

Mama ta ɗauki mayafi za ta fili, sai ga Baba ya dawo tun kafin lokacin tashinsa, hannunsa duk baƙin mai ko wankewa bai yi ba. Ya ce ba inda za ta, titin filin ya cika da mutane har an kawo 'yan sanda. A gareji kuwa masu motoci sun tuna surukin wa yake, biyu sun janye motocinsu ba a gama gyara ba. Ya zauna a kan turmi yana ta maimaita abu ɗaya: Yaya fa, Yayan da ko ruwan famfon fili ba ya kawowa gida. Can kuma ya ce to in ba saye ba, wane mai hankali ne zai yi haka ana saura wasa uku. Mama ta ce ya iya bakinsa. Wayar Kawu a kashe. Kwana uku muka yi a haka, abinci sai dai a dafa a zubar.

Ranar Alhamis kwamitin hukuma ya zauna. Ƙungiyoyi shida sun kai ƙara, har da waɗanda ko fanareti ba a buga musu ba. Aka ajiye igiyar a kan teburi aka auna a gaban kowa. Suka tambaye shi wa ya taɓa ta.

"Igiyata ce," ya ce. "Ni na auna."

Suka juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta canza ba. Aka cire wa ƙungiya maki uku. Shi kuma aka hana shi shiga kowane filin gasar har ƙarshen rayuwarsa. Kafin ya sauko daga matakala sakatare ya miƙa masa takardar sallama, da umarnin ya bar ɗakin kafin azahar ta gobe.

Baba ne ya je ɗauko shi da safe a motar gareji. Ya tarar an kwarara baƙin mai a ƙofar ɗakin, an kuma ja wani karkataccen farin layi daga bakin ƙofar har zuwa kwata. Kayan shekara talatin da ɗaya ba su cika bayan motar ba: katifa, akwati, bokiti, gwangwani, igiya. Da Baba ya kashe mota a ƙofar gida, hannunsa na kan sitiyari, ya ce, "Yaya, da ka bari an gama mana. Wasa uku fa."

"Da kun ɗauki kofi," in ji Kawu. "Ni kuma in ci gaba da gaisawa da yaron nan Dogo duk shekara."

Aka gyara masa ɗakin da muke ajiye tarkace. Da la'asar Mama ta fito da kayansa tsakar gida tana kakkaɓewa, Kawu na kan tabarma, Baba na tsaye jikin bango, ni ina riƙe mata bakin katifa. Ta ɗago igiyar daga cikin bokiti. Ina jin so take ta faɗi wani abu mai daɗi, don tun safe ba wanda ya yi murmushi a gidan. Ta kama zoben ta girgiza, ta ce ko ba komai dai ƙullin da ta yi mata bai kunce ba.

Baba ya ce wane ƙulli.

Ta ce ai lokacin hutun kaka, sa'ad da ake aikin katafila, ta je share wa Yaya ɗaki ba ya nan. Ta ga igiyar a rataye, wuyanta wajen zoben duk ya zaizaye saura ƙiris ya tsinke. Ta ce a ranta wannan in ya ja da ƙarfi zoben zai iya fasa masa ido. Sai ta sa wuƙa ta yanke wurin da ya lalace, ta sake ɗaura zoben a kan mai kyau, ta mayar ta rataye. Ta so ta faɗa masa, ta sha'afa. Tana maganar muryarta tana raguwa, kamar rediyon da batirinsa ke ƙarewa, har ta tsaya. Ta dubi Kawu. Kawu yana kallon tabarma.

"Ke," ta ce mini, "ƙafa ɗaya da rabi kamar yaya ne?"

Na ɗauko rula a jakar makaranta na gwada mata a ƙasa, na ja alama da gawayi. Ta tsaya tana kallon alamar. Sai ta juya ta nufi bangon kicin, ta sauko da rediyon Baba daga ƙusa. Hannun rediyon ya daɗe da karyewa, da wani guntun igiya ake rataye ta, ita ta ɗaura shi don ba ta yarda a yar da abu. Ta kunce shi ta shimfiɗa a kan alamar. Ya kusa cikewa, saura ɗan abin da sabon ƙulli ya ci.

Ban taɓa ganin Mama ta zauna a ƙasa haka ba, ba tabarma ba kujera. Kakar nan gaba ɗaya a gaban guntun igiyar nan Baba yake tsayawa yana addu'a a ci. Ya dubi rediyon, ya dubi matarsa, ya fita waje, muka ji ya buɗe motar gareji ya zauna a ciki bai tayar ba.

Da Mama ta miƙe, mayafi ta nema. Ta ce gidan rediyo za ta, a sa ta a lasifika ta faɗa wa gari ita ce, a mayar wa Yaya aikinsa da ɗakinsa, in mai za a zuba a zuba mata. Kawu ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa. Duk ƙanƙantarsa ya cika ta.

"Auta, zauna. Kina tsammani ban sani ba? Tun ranar da na ɗauko ta zan auna sabon fili na ga ƙullin. Irin na Inna ne, wanda take yi wa guga, duk duniya ke kaɗai kika iya shi. Na ji daɗi, na ce Allah ya yi wa Auta albarka, na zura a ƙusa na ja. Shekara talatin ina aikin nan, na ga an sake ɗaura zobe, kaina bai ce mini to ina abin da aka yanke ba. Tef yana rataye a sito, taku goma. Ke gyara kika yi. Ni ne ban auna ba."

Ta ce duk da haka. Ya ce ba duk da haka, ko ta faɗa ba za a mayar da maki ba, ba za a mayar da shi ba, sai dai a samu ƙofa ta biyu da za a zuba wa mai, kuma ta wannan ƙofar yarinya ke fita makaranta. Ya karɓi mayafin daga hannunta ya miƙo mini. Maganar ba ta fita daga gidanmu ba har ya rasu, bayan shekara uku. Mama ce da kanta ta ce in rubuta yanzu, kuma kada in rage nata.

Ƙungiya ta ci wasanninta uku na ƙarshe, aka gama muna na biyu, maki ɗaya tsakaninmu da masu kofi. Ranar ba a ji ko hon na mota a garin ba. Kawu bai tambayi wannan ba. Abin da ya tambayi Baba shi ne su Dogo fa, an mayar musu da makin wasansu? Baba ya ce ba a mayar ba, sun faɗo daga gasar. Kawu ya daɗe yana kallonsa, ya ce to wa aka gyara wa kenan.

Zama bai karɓe shi ba. Kafin kowa ya tashi ya share tsakar gida, ya jera takalmanmu kamar za a yi musu fareti. Daga baya ya samu aikin shafa farar ƙasa a bangon shaguna, a unguwannin da ba a san fuskarsa sosai ba. Inda aka san shi kuwa sai an ɗaga murya an ce Mai Layi zo ka auna mana, ya ɗaga hannu ya wuce. Baba ya yi wata guda daga gaisuwa ba ya ƙara masa komai. Sai ranar da wani mai mota ya zagi Kawu a gareji, Baba ya mayar masa da tayoyinsa huɗu a hannu ya ce ya je wani wuri a ɗaura masa. Ya dawo gida ya zauna a tabarmar Kawu suka ci abinci kwano ɗaya, ba wanda ya ta da zancen. Rediyo kuwa wayar ƙarfe ya ɗaura mata.

Da sabuwar kaka ta zo muka ji ƙungiya ta sayi keken zana layi, ta ɗauki wani mai takardar shaida. Masu tsaron ƙofar filin duk abokan Kawu ne, ɗaya ma ya aiko cewa in ya sa hula ya sunkuyar da kai ba wanda zai gan shi. Kawu ya ce a gode masa, ba zai ci wa mutum aikinsa ba. Ko titin filin ya daina bi, sai ya zagaya ta bayan kasuwa.

Ranar Asabar, ana gobe wasan gida na farko, ina wanke-wanke ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ciro tikiti ɗaya daga aljihu, a ninke cikin takarda don kada farar ƙasa ta ɓata shi. Na ce Kawu ni da ban san ƙwallo ba, a ba Baba mana. Ya ce Baba ƙwallon zai kalla, shi ya sa.

"Akawu, ki je da wuri, kafin 'yan wasa su fito su tattaka. Ki hau can saman bene, layi na ƙarshe, daga nan ake ganin fili duka. Ki duba mini layin gefe na wajen famfo, ƙasar wurin tana da ɗan tudu, in mutum bai sani ba sai ta ja masa hannu. In ya karkace ki zo ki faɗa mini. In kuma ya miƙe sosai, ya fi nawa, shi ma ki faɗa mini haka. Kada ki ji tausayina ki rage."